Cire kamshaf a ƙofar gida: abin da ke ƙarƙashin murfin injin Corolla

Notuna 19 ne ke riƙe da kamshaf biyu, wato sandunan da ke buɗe bawul, a injin Corolla 'yar 2003 zuwa 2008, kuma duk wanda ya iya riƙon sifana zai kwance su cikin rabin awa. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane. Mutum ya ɗaga murfin saman injin, ya ga sanduna biyu a kwance cikin baƙin mai babu abin da ya tsare su, sai ya ce ai wannan ba sai an je gareji ba. Da gaskiyarsa, ana yi a gida, ni ma a ƙofar gida na yi nawa. Amma kafin a taɓa noti na farko, akwai abubuwan da injin yake riƙe da su waɗanda ido ba ya gani: lokacin da kowane bawul ke buɗewa, ƙarfin sifirin da ke danne ƙarƙashin sandar, da mazaunin kowane ɗan ƙarfe. In ka kwance ba ka adana waɗannan ba, maido su ne zai cinye maka kwanaki, wani lokaci har da kuɗin wani tof silinda, wato kan injin da sandunan ke kwance a kansa.

Injin da zan yi misali da shi Toyota ta sa masa suna 1ZZ-FE. Lita 1.8 ne, silinda huɗu, bawul 16, ya fara fitowa a Corolla 'yar 1998, kuma shi ne a cikin Corolla da Matrix da Pontiac Vibe 'yan Kwatano da suka cika titunanmu. Na zaɓe shi don shi na fi sani, kuma sassansa ba su da wuyar samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Lambobin da zan kawo nasa ne shi kaɗai, kada mai Golf ko mai Peugeot 406 ya ɗauka ya ɗora wa tasa.

Shi kamshaf sanda ce mai tozaye, kamar tozon sa. Idan tana juyawa, tozo ya zo ya danna wani ɗan kofin ƙarfe da ke kife a kan bawul, wanda makanikai ke kira tafet. Bawul ya buɗe, tozo ya wuce, sifirin ya maido shi ya rufe. A wannan injin sanda ɗaya ta bawul ɗin shigar iska ce, ɗaya ta fitar hayaƙi, kowacce da tozo takwas. Sarƙa ce ke kawo musu juyi daga karanshaf, babbar sandar ƙasa da fistin ke juyawa, kuma duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf ɗaya yake yi. Lissafa ka gani: in allurar injin tana kan 3,000, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ya sa lamarin ya zama na taka-tsantsan shi ne fistin da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, kamar 'yan haya biyu masu ɗaki ɗaya, wannan na aikin dare wancan na aikin rana. Muddin sarƙa na kan haƙoranta na daidai, ba za su taɓa haɗuwa ba. Ranar da ta goce da yawa, fistin zai taho sama ya tarar da bawul bai koma ba, kuma bawul ne zai lanƙwashe.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya ce zai buɗe ita ce, me ya kai ka? Akwai ayyukan da dole sai kamshaf ya fita: canza tafet, canza sil ɗin bawul, ko ɗaga tof silinda gaba ɗaya don gasket. Amma da yawa daga cikin masu buɗewa ƙara suka ji da safe, ko suka ga mai na tsattsafowa, ko motar na shan baƙin mai. Tsattsafowar mai ta bayan injin, ɓangaren fuli, sau tari ɗan zoben roba ne na jikin tenshina, abin da ke riƙe sarƙa a miƙe, ya bushe, kuma notuna biyu kacal ke riƙe da tenshinan daga waje. Shan mai kuwa, musamman a na farko-farkon wannan injin, yawanci daga zoben fistin yake, can ƙasa inda kamshaf ba shi da hannu. Ka cire sanduna ka canza sil 16 ka mayar, motar ta ci gaba da shan manta. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

To, a ce dalilin ya tabbata. Ka bar motar ta kwana ba a tayar ba, don awon da za ka fara yi sai injin ya huce sarai. Cire kan batir na maras wuta, cire koyil huɗu, kwance murfin. Kafin komai, ɗauko fila gej, waɗannan siraran ƙarafan awo masu kama da reza, ka auna ratar da ke tsakanin bayan tozo, wato ɓangaren da ba shi da tudu, da kan tafet. Ta shigar iska ana so ta kasance tsakanin milimita 0.15 da 0.25, ta fitar hayaƙi tsakanin 0.25 da 0.35. Rubuta duka 16 a takarda, kowanne da lambar silindarsa. Mutane na tsallake wannan don suna ganin ba shi ya kawo su ba, alhali da zarar sanda ta tashi daga mazauninta babu sauran damar awon. Kuma wannan injin ba shi da sukurun saiti irin na tsofaffin motoci. Kaurin tafet ɗin kansa shi ne saitin. Toyota tana yin su kauri 35 daban-daban, daga milimita 5.06 zuwa 5.74, da lamba a buge a cikin kowanne. In ka auna ta shigar iska ka samu 0.32, tafet ɗin da ke wurin kuma 5.40 ne, to ratar ta wuce tsakiyar ƙa'ida, wato 0.20, da 0.12, sai ka nemi mai kaurin 5.52. Lissafin bai fi haka ba, amma sai da awon farko yake yiwuwa.

Sai batun tsayar da injin a inda ya kamata. Ka sa soket lamba 19 a notin fulin karanshaf, ka juya yadda hannun agogo ke tafiya har tsagin da ke bakin fulin ya zo kan alamar 0 ta jikin murfin sarƙa. (Wanda ya saba da tsofaffin Honda, irin Civic da Accord na shekarun 1990, ya kula: waɗancan baya suke juyawa, wannan gaba.) Zuwan tsagi kan 0 bai isa ba, domin fistin na ɗaya sau biyu yake zuwa sama kafin kamshaf ya kammala juyi guda, sau ɗaya yana matse iska, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Na matse iskar ake nema. Dubi giyoyin nan biyu na kan sandunan: in alamominsu suna kallon juna a miƙe, daidai da leɓen murfin, ka dace. In ba haka ba, ƙara wa karanshaf juyi ɗaya cikakke.

Sarƙar tana da 'yan mahaɗai masu launi da kamfani ya sa don ranar haɗa injin, amma kada ka tsaya jiran su faɗo kan alama, sai an yi ta juyi kafin su sake haɗuwa. Yi taka alamar. Goge man da ke kan sarƙa da giya da ɗan tsumma mai fetur, in ya bushe ka ɗiga fenti a kan haƙorin giya da mahaɗin sarƙar da ke zaune a kansa, a duka giyoyin biyu. Ni jan farcen uwargida na ara, har yau ana yi mini gori a kansa. Sannan ka ɗauki hoto da waya, daga sama da kuma ta gefe. Daga wannan lokaci karanshaf ya zama abin da ba a taɓawa. Cire soket ɗin daga kan fuli ma, ka ajiye shi nesa, don hannu na da saurin mantuwa, kuma ƙofar gida ba ta rasa mai wucewa da zai tsaya ya taya ka.

Tenshina ke fita da farko, don sarƙa ta saki jiki. Bayan shi sai notin giyar sandar hayaƙi. A jikin kowane kamshaf akwai wuri mai kusurwa shida da aka yi musamman don a kama da sifana. Nan za ka riƙe da hannu ɗaya, ka sassauta notin da ɗayan. Na sha ganin masu barin sarƙa ta riƙe musu sandar yayin da suke bugun noti, ko su cusa sukundireba cikin ramin giya su tokare da jikin tof. Sarƙa ba don wannan aka yi ta ba, shi kuma tof ɗin alminiyom ne, tauna ɗaya sukundireba zai yi masa ya bar tabo a inda gasket ke zama.

Yanzu mun zo inda aka fi yin ɓarna. Abin da ke danne sanda a mazauninta wasu 'yan huluna ne na alminiyom, guda tara: doguwa ɗaya a gaba da ta haye sandunan biyu, sai huɗu-huɗu a kan kowacce. Ko a wane matsayi ka tsayar da injin, akwai tozayen da suka ɗan danna bawul ɗinsu, sifirin ɗin wurin kuma yana tura sandar sama da ƙarfinsa. Hulunan ne suka raba wannan nauyi a tsakaninsu. In ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana cirewa ɗungurungum, nauyin duka zai koma kan ta ƙarshe, sandar ta karkace, gefe ɗaya a sama gefe ɗaya a maƙale. A nan ne hula ke tsagewa, ko zaren noti ya tsinke a cikin alminiyom, ko kafaɗar da ke hana sanda zamewa gaba da baya ta ci rauni. Ita kanta sandar ƙarfen zubi ce, tana da tauri amma ba ta san lanƙwasa ba, karyewa take yi.

Maganin abin haƙuri ne kawai. Kowane noti ka ba shi rubu'in juyi ka wuce na gaba, har ka zagaye su duka, sannan ka dawo ka sake, sau uku ko huɗu, sandar tana tasowa a kwance kamar ana ɗaga tire mai cike da kofunan shayi. Littafin gyaran motar ya zana jerin da za a bi, kuma a yawancin injina kwancewa daga gefuna ake farawa a nufo tsakiya, ɗaurewa kuma daga tsakiya a nufi gefuna. In hula ta maƙale bayan notunanta sun fita, ɗan ƙwanƙwasa ta da ƙotar sukundireba ta roba, kada ka sa mata baki a ƙasa ka banƙare. Sandar hayaƙi ke fara fita: ka ɗan ɗaga ta, ka ƙarasa zare notin giya, ka raba giyar da sarƙa. Sannan ta shigar iska, wadda ke fita da giyarta a jiki.

Da hannu ɗaya kana ɗaga sanda, ɗayan yana riƙe da sarƙa. Nemi waya ko igiya ka ɗaure ta sama a jikin wani abu, a ɗan miƙe. In ta sulale cikin murfi, ko ta sauka daga haƙoran giyar ƙasa inda ba ka gani, fentinka na sama ya tashi aiki, sai an cire fuli da famfon ruwa da murfin gaba ɗaya kafin a sake saita ta. Ramin nan da sarƙa ke bi ya miƙe ne har kwanon mai na ƙasa, don haka toshe bakinsa da tsumma mai tsabta. Ƙaramin noti ko washa in ya faɗa ciki ba ka da zaɓi sai ka bi shi. In lokacin hunturu ne kuma, rufe saman injin da leda duk sa'ad da ka tashi, ko sallah za ka je ka dawo.

Hulunan nan fa ba a musanya su. A masana'anta, an ɗaure su ne a kan tof ɗin sannan aka huda ramin da sanda ke kwanciya, duka a lokaci guda, don haka rabin da'irar kowace hula abokin rabin da'irar mazauninta ne kaɗai. Babu wani metal, wato ɗan ɓawon ƙarfe mai santsi, a tsakani irin na karanshaf, sanda a kan alminiyom take juyawa, ɗan siririn mai ne ya raba su. Shi ya sa kowacce ke da harafi da lamba, I na shigar iska, E na fitar hayaƙi, da kibiya mai nuna gaban injin. Ka juya hula baya ko ka kai ta gidan wata, tana iya matse sandar ta hana mai shiga, a yi 'yan kilomitoci wurin ya ci wuta. In kuwa ɗaya ta fashe, ta wani tof ɗin da za a tsinto maka a kasuwa ba lallai ta zauna daidai ba, ko da lambarsu ɗaya. Wani dattijon makanike da nake zuwa gaisarwa ya taɓa ce mini, “Yaro, hular wani ba ta shiga kan wani a nan wurin.” Da na ce ai duk kamarsu ɗaya, dariya kawai ya yi.

Tafet ma haka, kuma a nan ne na sha tawa. Na sayo kiret ɗin ƙwai na kwali, na rubuta lamba a bakin kowane gurbi, na ɗauko tafet 16 da maganaɗisu ɗaya-ɗaya na jera su, layin shiga daban, layin fita daban. Na shiga cikin gida cin abinci. Da na fito sai na tarar da ƙanena tsugune gaban roba, ya juye su duka cikin fetur yana cuɗawa da tsohon buroshin haƙori, suna ta walƙiya.

“Yaya, na ga duk sun yi baƙi ne, na ce bari in rage maka aiki.”

Me zan ce masa? Laifina ne. Ratar na rubuta, amma ban kifa kowane tafet na kwafi lambar cikinsa ba, na ce sai na dawo. Takardar awona ta zama ba ta da amfani, tunda ban san wanne ne ya ba da wane awo ba. Abin da ya biyo baya shi ne na zuba su yadda suka samu, na ɗaura sanduna, na auna, na kwance, na yi lissafi, na sauya musu wuri, na sake ɗaurawa. Sau uku. Aikin Asabar ɗaya ya kai ni Talata, ina hawa a-daidaita-sahu zuwa wurin aiki motata na ƙofar gida lulluɓe da leda.

Saura giyar sandar shigar iska, wannan mai kaurin kamar gwangwani. Ita ce ta VVT-i, wadda ke matsar da lokacin buɗewar bawul gaba ko baya gwargwadon gudun injin. A cikinta akwai fukafukai da matsin baƙin mai ke turawa, da wani ɗan fil da ke kulle ta idan an kashe mota. Shawarata, in ba ita ce ta lalace ba, bar ta a jikin sandarta. In dole sai ta fita, ƙa'idar ita ce a fara hura iska ta ramin mai na jikin sanda don fil ɗin ya janye, a murɗa giyar ta bar makullinta, sannan a kwance notin tsakiya. Wanda ya kwance ko ya ɗaure tana kulle, ƙarfin sifanarsa a kan ɗan fil ɗin nan yake sauka. Sauran notuna huɗu na fuskarta kuwa ba na taɓawa ba ne sam. Kuma kafin ka yanke mata hukunci saboda ƙarar safe ko wutar cek injin, duba bawul ɗin lantarki da ke aika mata mai da 'yar matatarsa ta raga da ke jikin tof. Mota mai daɗewa ba a juye mata mai ba, ragar nan ke fara toshewa, kuma wanke ta bai kai awa ɗaya ba.

Mayarwa bin sawun fitarwa ne, sai dai a nan sifana mai awon ƙarfi ta zama dole, ko aro ne a yi. Ƙananan hulunan niyuton-mita 13 suke so, doguwar ta gaba 23, notin giya 54. Sha uku ba wani ƙarfi ba ne, da yatsu uku ake kai shi, kuma hannun da ya saba da notin taya zai wuce shi bai sani ba, zaren alminiyom ya biyo noti. Shafa sabon baƙin mai a mazaunin sanda da kan tozaye da tafet kafin ka kwantar, domin daƙiƙun farko bayan tayarwa famfon mai bai riga ya kawo sama ba. Daidaita fentinka, ɗaure hulunan zagaye-zagaye yadda ka kwance su. Tenshina kuma ana tura bakinsa ciki a maƙale shi da ɗan ƙugiyarsa, a sa sabon zoben roba, a ɗaure, sannan a ɗan juya karanshaf baya kaɗan don ƙugiyar ta saki. Za ka ji ɗan ƙas. Juya gaba ka tabbata sarƙa ta miƙe.

Kada ka kai hannu ga makulli tukuna. Cire fulogi don injin ya yi sauƙin juyi, ka juya karanshaf da hannu cikakken juyi biyu, a hankali. In ka ji ya tokare da wani abu mai tauri, tsaya nan, kada ka ƙara ƙarfi, fistin ne ya sami bawul, kuma a hannu gaisawa kawai za su yi, a sitata ne ake fasa juna. In ya zagayo lafiya, tsagi ya dawo kan 0, alamomin giya sun sake kallon juna, to tayimin ya zauna. Fentin da ka ɗiga a sarƙa ba zai dawo kan haƙorinsa ba bayan juyi biyu, kada wannan ya tayar maka da hankali, alamomin giya da na fuli ne abin dubawa yanzu. Sake auna rata 16. Cire tsumman da ka toshe rami da shi, ka ƙirga soket-soket ɗinka. Ɗiga gam a wurare biyun da murfin sarƙa ya haɗu da tof kafin murfin sama ya hau, don ta nan mai ke fara zubowa.

Tayarwar farko za ta zo da 'yar ƙara ta daƙiƙa biyu ko uku kafin mai ya hau. In ta wuce haka, kashe ka duba. In ta lafa, bar injin ya yi zafi a tsaye, ka zagaya da tocila ta bayansa wajen tenshina da gefen murfi, ka shafa yatsa ka gani ko ya jiƙe.